Shekarar da Baba Ya Koma Bencin Baya

Dauda, kai da Lami nake rubuta wa wannan babi, musamman kai, tunda makon jiya ka fasa wa ɗan Mama Laraba leɓe a makarantar Lahadi don ya ce wai Babanmu ya taɓa ajiye mace a Rabah. Ban ce ka kyauta ba. Ban kuma ce leɓen bai nema ba. Amma lokacin da abin ya faru kai ba ka san komai a duniya ba sai inda ake soya ƙosai, Lami kuwa tana goye tana tsotsar yatsa. Ni Rifkatu ni ce babba, shekaruna goma sha shida, na ga rayuwa, har Sakkwato na taɓa kwana. Saboda haka ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin wadda ta gani.

Kun san Baba malamin koyar da noma ne a sakandare, aiki ya kawo shi Wurno daga kudancin Kaduna tun ba a haife ni ba. Abin da ba ku sani ba shi ne irin mutumin da yake a da. Dattijo ne a cocinmu, kuma irin dattijon da in ya tsinci allura a hanya sai ya bi gida gida yana cigiya. In ya shigo coci lokacin sujada, hatta kuka yara suke haɗiyewa. A cocin nan tamu ƙarama akwai benci na ƙarshe, kusa da ƙofa, mai ƙafa ɗaya gajeriya. Wanda ya yi laifin da ya fito fili, dattawa su sa shi a horo: can zai riƙa zama, ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasar da ake raba wa masu bi a coci, sai an ga tubansa. Mu yara muna kiransa bencin kunya, ko wasa ba ma yi a kansa don kada zunubin wani ya manne mana a riga. Baba ne kuma ke tashi ya sanar da sunan wanda za a kai can, da wata murya irin ta alƙali.

Sai kuma Baba Ladan, manomin albasa, wanda ya ba Babanmu aron wani yanki a fadamarsa ta wajen Magarya. Ba haya ba ce, aro ne na amana. Shi Musulmi, mu Kirista, amma naman layyarsu a tukunyarmu yake ƙarewa, shinkafar Kirsimetinmu kuma 'ya'yansa ke fara buɗe ta. Babban ɗansa Nasiru, saurayi ne dogo mai yawan dariya, shi ya koya mini tuƙa keke, shi ya kuma ciro ni daga kwata bayan na koya.

To, a shekarar nan, da damina ta ɗauke, Baba ya yi feshin maganin kashe ciyawa a gonarsa. Ƙa'idar aikin ita ce da ka gama ka wanke famfon feshin da sabulu sosai, domin ragowar maganin nan ko ɗan kaɗan ce ta sauka a kan ƙaramin shuka, ta gama da shi. Baba ya san haka, shi ke koyar da shi a aji. Amma ranar ya makara zuwa taron dattawa, ya jingine famfon a bayan ƙofa da niyyar sai ya dawo, ya dawo kuma ya manta. Washegari da safe sai ga Nasiru.

"Baba Malam, Baba ya ce a ba shi aron famfo, ƙwari sun taso ma irin albasa. Wankakke na?"

Baba na da asuwaki a baki, ya gyaɗa kai. A ransa kuwa da gaske ya ɗauka ya wanke. Wannan ba zunubi ba ne, mantuwa ce, ko Fasto yana mantuwa, ya taɓa zuwa sujada da takalmi kala biyu. Zunubin yana gaba.

Bayan 'yan kwanaki irin Baba Ladan ya fara yin rawaya, ya kwanta, fangali bayan fangali. Iri ne da yake adanawa tun zamanin mahaifinsa, kowace shekara shi ke fitar da abinsa. Ya aiko aka kira Baba. Baba ya ce yana durƙusawa ya kalli ganyen ya gane, famfon nan na bayan ƙofa ya faɗo masa a rai kamar an jefe shi da dutse. Baba Ladan na tsaye a kansa, Nasiru na gefe, ga manoma sun taru.

"Malam, kai ka karanci abin ga. Mi ya kashe min iri?"

Baba ya dubi mutanen. Malamin noma, dattijon coci, mai sanar da sunayen masu laifi. Sai ya ji bakinsa ya ce:

"Ƙila maganin ƙwarin da aka sayo ne ba shi da kyau. Jabu ya yi yawa a kasuwa yanzu."

Nasiru ne aka aika sayen maganin. Baba Ladan ya juya ya dube shi, shi ke nan. A ranar ya ce Nasiru ya sayo na banza ya ci canjin, ya zane shi da bulala a tsakar gida a gaban ƙannensa, saurayin da har an fara yi masa zancen aure. Nasiru ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe, ba a saurare shi ba, tunda malami ya riga ya yi magana. Kafin mako ya zagayo ya tattara kayansa ya koma Rara wurin kawunsa.

Baba ya raba nasa irin biyu ya kai wa Baba Ladan rabi don ya samu na dashe. Nan abin ya ƙara lalacewa, domin Baba Ladan ya ɗauki yabonsa ya bi gari da shi. A majalisa, a kasuwa, a bakin masallaci: ku ga Malam Yohanna, ya fi wani ɗan'uwa na jini. Duk lokacin da aka kawo wa Baba labarin yabon sai ya ture kwanon abinci. A gida muka shiga uku. Addu'ar safe da a da take ƙarewa kafin koko ya huce, ta koma sai kokon ya daskare ya zama tuwo. Baba ya yi ta roƙon jinƙai, jinƙai, jinƙai, ni ina durƙushe ina roƙon Allah ya ji ƙan gwiwoyina.

Albasarmu ta yi kyau a shekarar, manya manya kamar kan Dauda. Baba ya zuba ta a rudu, wato rumbun kara da ake ajiye albasa har ta yi tsada. Da zafi ya tsananta ya je dubawa, na raka shi. Ta sama lafiya lau, jajir, tana ƙyalli. Ya tura hannu ciki, hannun ya nutse. Warin da ya taso, na tabbata ya kai Goronyo, kifayen madatsar ruwan can sun nemi hijira. Ni na toshe hanci ina tsalle, shi kuwa ya tsaya yana kallon hannunsa.

"Ya same ni," in ji shi a hankali.

"Wa, Baba?"

Ya goge hannunsa a ƙasa, ya juya gida.

Lahadin da ta biyo ta Jibin Ubangiji ce. Fasto ya yi wa'azi a kan ranar shari'a, ya ce babu abin da aka binne da ba za a tone ba, babu abin da aka yi a ɓoye da ba za a gani ba. Ni a raina na hango wani ƙaton majigi, mala'ika na kunnawa, duk matan zumuntar coci na zaune a gaba da tulunansu na kiɗa, ana nuna ni ina tsame nama a tukunyar Mama, ana dawo da wurin baya a sake nunawa. Gumi ya jiƙa ni. Ina cikin tuba a kan naman nan sai aka ce dattawa su fito su raba gurasa. Baba ya miƙe. Maimakon ya yi gaba, sai ya juya, ya bi tsakiyar coci, ya je ya zauna a bencin kunya. Bencin ya yi ƙara da gajeriyar ƙafarsa. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har ƙadangaren jikin bango ya daina gyaɗa kai. Bayan an tashi Fasto ya ja shi gefe ya tambaye shi, ya ce tsakaninsa da Allah ne. Mama ta tambaye shi, ya ce tsakaninsa da Allah ne. Lahadi ta sake zuwa, ya sake komawa can.

Ku sani, a coci ƙarama kamar tamu, in mutum ya ce tsakaninsa da Allah ne, to ya gayyaci kowa. Wasu suka ce burukutu. Wasu suka ce kuɗin baikon coci ya taɓa. Sai kuma aka lura duk Asabar Baba na hawa babur ya nufi hanyar Rabah, hanyar da ba kowa ke son bi ba a wannan zamani, ya dawo hannu rabbana. Benci ga shi, Rabah ga ta. Mama Laraba, shugabar zumuntar mata, ta haɗa lissafin, ta zo gidanmu da fuskar ta'aziyya.

"Maman Rifkatu, ki yi haƙuri. Maza sai addu'a. Mun sa ki a azumi."

"Azumin me, Mama?"

"Ai ba sai na faɗa ba. An ce fara ce, doguwa."

Mama ta raka ta ƙofa da murmushi, ta dawo ta daka barkonon da ya isa bikin aure. A makaranta ma yaran cocinmu sun fara tambayata ko na ga sabuwar mamata. Da Asabar ta zo, Baba na goge babur, Mama ta turo ni da buhu.

"Baban Rifkatu, tafi da ita. An ce wake na araha a can."

Baba ya dube ta, ya dube ni, ya san ba wake aka aiko ni saye ba. Ya ce in hau.

Na tafi da shirin yaƙi. Na tsara yadda zan kama matar nan fara doguwa, in tsinke mata ɗankunne in kawo wa Mama shaida. Muka wuce Rabah ba mu tsaya ba, sai Rara. A bakin kasuwa Baba ya kashe babur a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro, ya tsaya yana kallon samari na loda buhuna a babbar mota. Na duba ko'ina, babu mace sai wata tsohuwa mai daddawa, ita kuma ba fara ba, ba doguwa ba. Sai na gane ɗaya daga cikin masu lodin. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, buhu na neman karya shi. Ashe kowace Asabar nan Baba ke zuwa, ya tsaya daga nesa yana tattara ƙarfin hali, ƙarfin halin ya ƙi taruwa, ya juya gida. Bai yi lissafi da bakina ba.

"Nasiru! Nasiru! Ga mu nan!"

Ya sauke buhun ya sheƙo da gudu, ya durƙusa ya gai da Baba, ya sayo mini rake da kuɗin guminsa. Ya tambayi kowa, har akuyarmu. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Baba Malam, tsoho shina lahiya? Ya huce?"

"Yana lafiya."

"Wallahi maganin kirki nis sayo. Ko sisi ban ci ba. Kowa ya ƙi yarda, amma kai ka san halina. Kai ko ka yarda da ni?"

Baba ya kawar da kai.

"Allah ya sani, Nasiru," in ji shi.

A hanyar dawowa na riƙe shi ta baya, sai na ji bayansa na rawa. Na ɗauka gargadar hanya ce. Da muka hau kwalta bai daina ba. Raken nan ban iya sha ba, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Muna isa na ba Mama rahoto: babu wake, babu mace, Nasiru ne. Ta aika ni ɗebo ruwa, na je bayan randa na tsaya, domin randa ma wurin ruwa ce. Ta zauna a gaban Baba ta kafe shi da ido, har ya gaji ya faɗa mata duka, tun daga asuwaki. Na ɗauka Mama za ta yi guɗa tunda babu fara doguwa. Ina!

"Da ma macen ce," in ji ta. "Da ni kaɗai ka cuta."

"Ai na sa kaina a horo. Allah kuma ya riga ya hukunta ni, kin ga albasa."

"Albasar rabin garin nan ta ruɓe bana, duk famfo suka ƙi wankewa? Kai ka yi laifin, kai ka yi shari'ar, kai ka zaɓi hukuncin da ba zai sa ka buɗe baki ba. Baban Rifkatu, benci ka yi wa ƙarya? Kana can baya kana ramewa, ɗan mutane na ɗaukar buhu da sunan ɓarawo. Kai da bakinka ka koya mana cewa Yesu ya riga ya ɗauki hukuncinmu, abin da ake nema a wurinmu mu fito fili. To wa ya ce ka biya da zaman benci?"

"Zai karɓe gonar."

"Ya karɓe. Tasa ce."

"Mutane fa?"

"Mutane sun riga sun aura maka mace a Rabah. Me ya rage?"

Da safe Baba ya ɗauki famfon ya rataya a baya, ya tafi gidan Baba Ladan a ƙasa. Ni kuma sai na tuna ina da gaisuwa mai muhimmanci a wurin Inna, matar gidan, kuma bangon zaurensu na da tsaga. Baba ya ƙi hawa tabarma, ya zauna a ƙasa, ya ajiye famfon a tsakaninsu, ya faɗi komai. Bai ce kuskure aka samu ba. Ya ce na gane tun a gona, na yi ƙarya don kunya. Baba Ladan ya ajiye carbinsa. Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ma ihu ya yi da ya fi sauƙi.

"Malam, iri ba komi ba na. Wanda ya ba ubana shi za ya ba ni wani. Amma ɗana nib buga gaban ƙannenai. Yana rantsuwa da Allah ina bugu, don kai ka yi magana. Kai ka sa ni zalunci, kuma ka bar ni ina yabonka cikin gari."

"Haka ne, Baba Ladan. Ka gafarce ni."

"Gahwara ba ta hannuna tukuna. Tashi ka ɗauko babur."

Suka tafi Rara, tsohon a bayan Baba. Wannan karon ba a tafi da ni ba, abin da har yau nake ganin rashin adalci ne. Amma Nasiru ya ba ni labari daga baya. A gaban masu lodi da direbobi da tsohuwa mai daddawa Baba ya tsaya ya ce yaron nan bai ci sisin kowa ba, ni ne na yi ƙarya. Sannan Baba Ladan, da furfurarsa, ya kama hannun ɗansa ya ce ya yafe masa. Nasiru ya ce ya rasa inda zai sa kansa, sai ya zauna a kan buhu ya yi kuka. Bai bi su ranar ba. Sai da ya yi kwanaki sannan ya dawo gida, kuma ya daɗe in ya hango Baba sai ya canza hanya.

Gonar kuwa an karɓe. Baba Ladan ya aiko a ce Malam ya cire hannunsa daga fadama. Da layya ta zo muka zauna muna jin ƙamshin suya ta kan katanga, ba wanda ya yi sallama da kwano. Kai Dauda ka yi ta tambaya ina nama, Mama ta ce bana ragon ƙarami ne.

A coci Baba ya tashi da kansa ya sanar da sunan mai laifi, da muryar nan tasa, sai dai wannan karon sunansa ne. Yana gamawa aka ji Mama Laraba, wadda ba ta iya raɗa ba:

"Famfo? Duk azumin nan da muka yi a kan famfo ne?"

Dattawa suka sauke shi daga dattijantaka, suka sa shi a horo na gaske. Ya koma bencin nan dai, mai gajeriyar ƙafa, amma ba mutumin da ya zauna a da ba ne. Ya koma cin tuwo har da neman ƙari. Yana rera waƙa daga baya da ƙarfi, ba a kan murya ba, har masu kaɗa tulu na ɓacewa. Wata rana na tambaye shi ko da gaske Allah ne ya ruɓar da albasarmu. Ya ce bai sani ba, kuma ya daina yi wa Allah tafinta. Ya ce abin da ya sani shi ne, da Allah ya so hukunta shi da gaske, da ya ƙyale shi ya ci gaba da cin abincinsa da daɗi, yana sanar da sunayen mutane, har ranar da za a tone. Tun daga nan na rage tsoron majigin nan. Na kuma gaya wa Mama zancen nama. Ta ce ta daɗe da sani, ƙirga shi take yi.

Damina ta zo ta wuce, lokacin yayyafa irin albasa ya sake zagayowa. Ba mu da gona, famfon na rataye a bayan ƙofa ya yi ƙura. Wata safiya muna shan koko aka yi sallama. Nasiru ne, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, yana murza hularsa.

"Baba Malam, ina kwana. Baba ya ce a ba shi aron famfo."

Baba ya miƙe har ya kusa kifar da koko. Ya ciro famfon, ya ce Rifkatu kawo sabulu, kawo ruwa, maza.

"A'a," in ji Nasiru, yana danne dariya. "Ya ce kada a wanke. Shi za ya wanke da kainai."

Baba ya tsaya da famfon a hannu. Sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har ya zauna a kan turmi, hawaye na zuba, ya miƙa wa Nasiru famfon da ƙurarsa.